Ranar Da Kakana Ya Tafi Biko

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune gidanmu a Zurmi, kuma kowa ya san ni da baki da rashin haƙuri. Kakana na wajen uba yana tare da mu. Tun ina ƙarama yake ce mini matarsa, irin wasan jika da kaka, ni kuma in ce ba na auren mai furfura. Don haka da ya fara kirana da sunan matarsa, kakata mai rasuwa, yana tambayata ko na ba yara tuwo, dariya kowa yake yi. Har babana cewa yake tsoho ya iya wasa.

Wata Juma'a ina sauri zan tafi Ƙaura wajen gwaggona, ya riƙe mini mayafi yana tambayar ina za ni ba izininsa. Haushi ya kama ni. Na fizge na ce masa yaji na yi, na koma gidanmu, in yana so ya zo biko. Na fita abina.

Kakata 'yar garin Dauran ce, a yankinmu na Zurmi. Da la'asar aka nemi kakana aka rasa. Wani mai kabu-kabu ne ya tsince shi a hanyar Dauran, hanyar da ko matasa ba sa bi su kaɗai yanzu saboda rashin tsaro, ƙafafunsa sun kumbura, da goro a aljihu zai kai wa surukansa da suka daɗe da rasuwa. Da na dawo ya kama hannuna ya ce, "Ki yi haƙuri, in na ɓata miki ne, kada ki bar mini yara."

A asibiti aka ce ciwon mantuwa ne, kuma ya daɗe da kama shi. Wata ma'aikaciya ta ce tsofaffi da yawa suna da shi a cikin gidaje, ba a kawo su, sai a ce rigimar tsufa ce ko iska. Da na duba unguwarmu sai na ga gaskiyarta. Ga tsohuwar da ke yin azahar ta sake yi, ga wanda ake zargin ya zama mafaɗaci.

Don Allah in tsohonku ya fara maimaita magana, ku daina dariya ku kai shi a duba. Kuma ku kula da abin da kuke faɗa masa, don shi da gaske yake ɗauka.