Harafi Ɗaya Tsakanin Zarkov da Zarkova

Duk wanda ya yi aiki a cibiyar nazarin garkuwar jiki ta garinmu ya san Dakta Temenuzhka Zarkova, ko da bai taɓa jin muryarta ba. Ita ce 'yar siririyar tsohuwar nan da ke shigowa bakwai saura, da banitsa, gurasar nan mai cuku, a naɗe a takarda da kwalbar boza, kunun nan mai ɗan tsami, a jaka, ta wuce can ƙarshen baranda, ɗaki mai lamba sha huɗu, ta turo ƙofa. Kafin ta cire kwat sai ta ɗora tafin hannu a jikin firiza ta ji yana kaɗawa, sannan hankalinta ya kwanta.

A cikin firizan akwai 'yan kwalabe dubu huɗu da ɗoriya, kowace da ruwan jinin wani mai kiwon zuma daga ƙauyukan kan dutse. Tun tana 'yar shekara ashirin da takwas take tara su. Tambayarta ɗaya ce, kuma ita ta cinye mata ƙuruciya: me ya sa zuma ɗari za su harbi tsoho ya karkaɗe hannu ya ci gaba da aikinsa, amma guda ɗaya ta harbi ɗansa a kwashe shi ranga-ranga sai asibiti? Fiye da rabin mutanen da suka miƙa mata hannu sun riga mu gidan gaskiya. Jininsu dai yana nan, da sunan ƙauye da kwanan wata, duka da rubutun hannunta.

Ba ita kaɗai ta tara ba. Mijinta Trifon ma'aikacin ɗakin gwaji ne, shi ke gyara injin juya jini, shi ke jan tsohuwar motar cibiya. Karatu bai dame shi ba, amma baki kam Allah ya ba shi. Idan Temenuzhka ta tsaya a ƙofar manomi da allura a hannu, sai a ce maigidan ya fita. Trifon kuwa zai kutsa kai ya yabi amya, ya koka da tsadar sukari, ya kurɓi rakiya, barasar da manoma ke haɗawa a gida, a ƙaramin kofi, kafin a jima maigida ya naɗe hannun riga da kansa yana ƙwala wa maƙwabta kira su ma su zo. A hanyar dawowa yakan ce mata, "Ni na kamo, Nushe, ke kya yanka."

A 1984 ta rubuta maƙala a kan abin da ta gano a jinin nan, aka kuma ba ta izinin aika ta wata mujalla a ƙasar waje, abin da ba kowa ke samu ba a lokacin. Ta sa sunaye biyu a sama: T. Zarkova da T. Zarkov. Bayan wata goma sha ɗaya mujalla ta iso, suka buɗe a tsaye a baranda. Suna ɗaya ne a sama. Mai tsara rubutu a can bai san cewa a wurinmu sunan mace yana ɗaukar "a" a ƙarshe ba. Ya ga suna iri ɗaya sau biyu, ya ɗauka hannun mai tafireta ne ya zame, ya goge ɗaya. Da ya tashi gogewa kuma, mai wutsiyar ya goge, wato nata.

Trifon ya tada jijiyar wuya, ya ce sai an rubuta musu. To amma wasiƙa zuwa waje a lokacin sai da sa hannun mutum uku, kuma daraktan wancan zamani ya ce kada a je a kunyata mutane su daina karɓar aikinmu. Temenuzhka ta ce a bar shi, ai gida ɗaya ne. Haka ta faɗa a baki. A zuci kuwa abin ya ci ta ƙwarai, ta shiga ɗakin ɓerayen gwaji ta yi kukanta inda babu mai ji sai su. Trifon ya gane. Daga ranar ya naɗa wa kansa sarautar Farfesa a gida, yana ɗaure fuska yana cewa a kawo wa Farfesa miyar wake, kuma daga ranar bai sake barin ta ta wanke kwano ko ɗaya ba.

Ba su haihu ba. Da zamani ya juya, abokan aikinsu suka watse, wannan Jamus, wancan Kanada, katin gaisuwar sabuwar shekara ya yi ta raguwa har ya ƙare. Mujallar ma ta mutu. Maƙalar ta yi barcinta shekara ashirin babu wanda ya leƙa ta, sai kwatsam masana suka waiwayo kan harbin zuma, wani ya tono ta, aka shiga ambatonta a ko'ina. Trifon bai ga yawancin wannan ba. Zuciyarsa ta tsaya wata safiyar Laraba a 2011, yana durƙushe a bayan injin juya jini da sukudireba a hannu.

Ginka mai kula da laburare, wadda ita kaɗai ta rage daga 'yan da, ita ta nuna mata cewa akwai rumbu a intanet da ke ƙirga sau nawa aka ambaci aikin kowane masani, kuma akwai shafin T. Zarkov a ciki da maƙala ɗaya tal. Ta sa adireshin imel na Temenuzhka a shafin. Daga nan duk farkon wata sai saƙo ya shigo: Dakta T. Zarkov, an ambaci aikinka sau uku. Wani daga Osaka, wani daga Porto, wani daga garin da sai ta duba taswira. Takardar wuta ta koma sunanta, ta ruwa ma haka, ofishin fansho ya daɗe da shafe shi. Wannan saƙon kaɗai ya rage a duniya da ke zuwa da sunan Trifon yana yi masa magana kamar yana nan. Takan karanta shi a fili a ɗaki na sha huɗu, ta ce, "Ka ji, Farfesa, yau har Japan ka je ba ka gaya mini ba." Sannan ta ci banitsarta.

Haka aka yi shekara goma sha biyu. Sai sabon darakta, Farfesa Ognyan Mirchev, ya kira ta ofis. Ba mugu ba ne, har kujera ya ja mata da hannunsa, sai dai mutum ne da idan aka ba shi lamba daga sama ba ya ganin komai sai ita. Ya ce doka ta zo: kowane ɗakin gwaji sai mai shi ya nuna an ambaci aikinsa sau ɗari biyu, in ba haka ba a ba wasu ɗakin. Maƙalunta arba'in da ɗaya, amma kusan duka da harshenmu ne ko na Rasha, rumbun kuwa bai san da su ba. Lambarta talatin da bakwai. Ta tambaye shi firiza fa. Ya kalli taga ya ce babu wanda ya nemi ya gaje shi, kuma ba za a bar shi a kunne a baranda ba. Ya ba ta zuwa ƙarshen Afrilu.

Ginka ce ta fara faɗin abin da su biyun suka sani. Shafin T. Zarkov yana da ɗari shida da sha biyu. Ta buɗe mata fom a kwamfutar laburare, gidan zaɓi biyu ne kawai a ciki. Na farko: wannan aikina ne, an yi kuskure a rubuta sunana. Na biyu: wannan ba aikina ba ne.

"Ina gidan da ake cewa mu biyu ne?" in ji Temenuzhka.

"Babu, Nushe. Na duba har ƙasa."

Suka rubuta wa masu rumbun suka yi bayani dalla-dalla. Amsa ta zo da ladabi: abin da aka buga ya nuna marubuci ɗaya, suna iya gyara harafi, amma ƙara mutum sai mujallar ta nema da kanta. Mujallar da ta shekara ashirin da rufewa.

Ginka ta ce, "Ke fa kika yi aikin nan. Shi ban da surutu da shan rakiyar mutane me ya yi? Da yana nan da shi zai fara danna gidan, yana yi miki tsiya."

Temenuzhka ta san gaskiya ne, kuma sanin bai rage mata komai ba. Sati uku tana zuwa aiki tana komawa, ba ta taɓa fom ɗin ba. A gida takan zauna a kicin da kwano ɗaya da cokali ɗaya, rediyo yana ta zuba don kada ɗakin ya yi shiru da yawa. Da akwai wanda za ta yi shawara da shi da sauƙi, amma mutumin da take shawara da shi a kan komai shi ne abin shawarar. Wata rana ta buɗe firiza ta ciro akwatin farko, na ƙauyen da yanzu ko hayaƙi ba ya tashi a cikinsa. Ta karanta sunaye goma sha tara, ta tuna fuskar kowa, ta tuna cewa duk ta yi musu alkawarin jinin zai yi wa wani amfani. Ta mayar da akwatin ta gangara laburare.

Fom ya nemi hujja. Ta kawo littattafan gwajinta na wancan lokaci, da kwafin maƙalar na asali da ta buga da tafireta, takardar ta yi ja don tsufa. Sunaye biyun suna nan a sama, ɗaya a kan ɗaya. Ginka ta duba ta ce idan suka ga biyu za su sake cewa sai mujalla. Temenuzhka ta ɗauki almakashi daga teburin, ta yanki 'yar siririyar farar takarda, ta ɗora a kan layi na biyu, ta daidaita ta da farce har ta rufe shi ruf. Ginka ta rufe murfin na'urar ɗaukar hoton takarda ta danna.

Ran goma ga Afrilu lambarta ta tashi daga talatin da bakwai ta koma ɗari shida da arba'in da tara, ta fi ta darakta. Farfesa Mirchev ya zo ɗaki na sha huɗu da kansa, karo na farko, ya yi mata murna, ya ce ɗaki nata ne har shekara uku, kuma abin mamaki ne a ce suna da irin wannan a gida ba su sani ba. Mai abin farin ciki shi ke raba alewa, don haka da rana ta sayo kwalin cakulan ta ajiye a teburin mai gadi. Mutane suka yi ta ɗauka suna wucewa. Ta ji wata tana tambaya ko wa ya haihu.

Ta ji daɗi, kada a ce ba ta ji ba. Shekara arba'in ta jira ta ga sunanta a kan aikin nan, kuma da ta gani sai da ta daɗe tana kallonsa. Jinin mutanenta ya tsira. Ta zauna ta fara jera gwajin da za ta yi da rani.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo daga rumbun. Suna godiya da ta taimaka wajen tsabtace bayanansu. Sun rufe shafin T. Zarkov, domin bincike ya tabbatar babu wani marubuci mai wannan suna, kuskuren bugu ne.

Ta karanta sau biyu, a zuci. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga ta mayar. Sannan ta jawo allon rubutun kwamfuta, ta danna wurin amsa, ta rubuta da yatsa ɗaya: Ba kuskure ba ne, mijina ne. Ta aika.

Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙon ya dawo mata, da bayanin cewa wannan adireshi ba ya karɓar amsa.