Ranar da Muka Kai Uwata Ganin Ƙanƙara

Ni sanyi nake sayarwa. Da dako na fara a haraj, kasuwar gwanjo ta kudancin Riyad, har na sami rumfa da sunan kafilina, Balaraben da ya tsaya mini, ina sayen tsofaffin firji da firiza da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, in gyara in sayar. In na kara kunne a jikin inji na san ko ya mutu ne ko gas ne kawai ya tsiyaye. Rabin ɗakunan 'yan uwanmu na unguwar Manfuha ni na sanyaya su. Amma a gidana akwai ɗakin da ban taɓa sa wa mukayyif ba.

Gidajen can kowane ɗaki da raminsa a bango, inda ake zura na'urar. Na ɗakin babbar 'yata da falanki na toshe shi. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Da sikila aka haife ta. Sanyi kaɗan ya ratsa ta sai ƙasusuwa su ɗauka, mu tare a asibiti tana cizon leɓe. Garin da kowa ke gudun zafi, mu sanyi muke gudu. Ko a watan da kwalta ke laushi, akwai rigar sanyi da safa a jakarta, saboda makaranta da kanti da mota duk an ƙure musu sanyi. Ƙannenta biyu maza a falo suke kwana, ita da fankarta.

Wata rana na kawo kwalin firiza gida don zuba kaya. A jikinsa akwai hoton dutse fari fat, mutum da matarsa da yara suna zamewa daga sama, da sanduna a hannu. Uwata ta yanke shi da wuƙar girki ta manna a kan falankin nan.

"Baba, nan ina ne?"

"Can inda ake ƙera firiza."

Ban sani ba, ita ma ta san ban sani ba. Takan ce in ta warke za mu je mu biyar, mu tafi da asuba mu dawo da magariba. In ce in sha Allahu, irin wadda nake ce wa mai sayen da na san ba zai dawo ba.

Tana da shekara sha biyar aka buɗe wurin wasan ƙanƙara a cikin wani katafaren kanti a gabashin gari. Wani direba ɗan Maraɗi, mai kai 'ya'yan uban gidansa can, shi ya nuna wa yarana a waya. Mazan suka tasa mu gaba. Uwarsu ta ce a'a, ta ci gaba da tankaɗe. Uwata ba ta yi gardama da ita ba. Sai da na idar da cin abinci ta zo ta zauna a gabana, ta naɗe ƙafa.

"Baba, kai ne ka ce babu kayan da ba a cinikinsa."

"Ban da wannan."

"To taya dai. Awa ɗaya nake so a ciki."

"Ki leƙa ta gilashi."

"Albarka."

Na yi dariya ban shirya ba. Na ƙara mata tsayuwa a bakin ƙofa, ta sake cewa albarka. Muka yi ta ja, har muka tsaya a kan ta shiga, ta taɓa, ta zame sau ɗaya, ta fito.

"Ka sallama?"

"Na sallama."

Ni ba na sayen abin da ban gani ba. Na je ni kaɗai na shiga na tsaya. Firiza ce babba, aka zuba mata fitilu. Na tambayi likitanta, ya ce shi ba zai ce e ba, kuma ba zai rantse cewa wani abu zai faru ba. Na biya ta kasuwar Batha na sayo rigunan ciki masu kauri da safar hannu da hula, sannan na gaya wa uwar yara.

"Alhaji, kai za ka kwana a asibitin?"

"Ni da ke, Hajiya, kamar kullum."

Ranar Asabar da safe dai na tarar ta cika fulas biyu, ɗaya shayi mai citta, ɗaya kunun gyaɗa.

Motar maƙwabci na ara. Muka sauke gilashi, mazan suna waƙa da Larabci a baya, Uwata tana gyara musu baiti. Da muka isa, bango guda ne na gilashi, a bayansa tudu fari, yara suna gangarowa a kan taya suna ihu. Ma'aikatan suka ba kowa ƙatuwar riga da takalmin roba. Aka ɗora wa Uwata tasu a kan namu, ta koma dunƙulalliya. Autan ya ce ga buhun shinkafa na tafiya, ta kai masa duka da hannun da ba ya lanƙwasuwa.

Uwarta ta durƙusa za ta ja mata zif. Hannunta yana rawa, ƙarfen ya ƙi kamuwa. Ta sake gwadawa, ya zame. Leɓenta yana motsi da addu'a. Ina tsaye na ga Uwata ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwan nan. Ni na ƙarasa ja mata.

Ƙofa biyu ce, da ɗan ɗaki a tsakani. Aka buɗe ta ciki, mazan suka kwasa da gudu. Sanyin ya doke mu a fuska. Uwata ta tsaya cak, ta rufe ido, ta shaƙa sosai. Ƙanƙarar tana nan a gaban takalminta, taku ɗaya ya rage.

"Halas, Baba, ya isa. Na ji."

"Uwata, mun fa yi ciniki."

"Mai saye yana fasawa." Ta juya. "Kai ka shiga ka zame mini. Zan gani ta gilashi."

Na san muryar wanda ya gama magana, sana'ata ce. Na mayar da ita wurin uwarta, na koma ciki. Haka na hau tudun nan da tumbina da furfurata, na zauna a kan taya cikin 'ya'yan Larabawa, wani yaro ya tunkuɗa ni. Na juya baya-baya, hulata ta yi nata wuri, na ƙare a ƙasa ƙafa a sama. Da na ɗago na hango ta tana dukan gilashi don dariya, uwarta ta rungume ta ta baya, ita ma tana dariya tana share ido.

Autan ya ɗebo ƙanƙara a murfin fulas ya ɓoye cikin riga. Mai gadin ƙofa ya gani, ya kau da kai. Uwata ta cire safar hannu ta dangwala yatsa.

"Ashe irin ta cikin firizarka ce, Baba."

"Ita ce. Tsada kawai aka ƙara mata."

A hanyar dawowa na tsaya gidan mai, uwar ta shiga sallar la'asar da mazan. Muka rage mu biyu a mota. Na tambaye ta me ya hana ta.

"In na shiga na kwanta ciwo, Umma ba za ta yafe maka ba. In na shiga ban kwanta ba, kowane mako zan ce a kawo ni, ita kuma kowane mako hannunta ya yi rawa." Ta kurɓi kununta. "Mu bari sai baɗi. Cinikin yana nan, ka riga ka sallama."

Ba ta kai baɗin ba. A tsakiyar zafi ciwon ya kama ta a ƙirji, ba wani sanyi da ya taɓa ta. A nan Riyad muka binne ta. Bayan an watse daga zaman makoki uwarta ta ce da ni, da ta sani da ita za ta riƙe hannunta su shiga tare. Ban sami magana ta gaskiya da za ta amfane ta ba.

Ɗakin ya daɗe a rufe. Mazan suka girma, falo ya yi musu kaɗan, uwarsu da kanta ta ce a gyara musu. Na zaɓo mukayyif mafi lafiya a rumfata, na kawo da hantsi suna makaranta. Hoton yana nan a kan falankin, ya koɗe, gefensa ya nannaɗe. Ban ɓare shi ba. Na kwance ƙusoshin na sauke falankin gaba ɗaya, na zura na'urar a ramin, na toshe gefe da soso, na kunna.

Uwar yara ta shigo. Ta ɗauki falankin ta zauna a bakin gadon, ta ɗora shi a cinya. Iskar tana kaɗa mayafinta.

"Ƙara, Alhaji."

Na murɗa har ƙarshe, na zo na zauna kusa da ita. Muna nan zaune, haƙora na haɗuwa, har yaran suka ƙwanƙwasa ƙofa.