Ranar Da Aka Jiƙa Sarkin Yoyo

Shekara talatin ya yi yana gyaran famfo kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji da durƙuso. Ya ajiye sana'ar ya zauna a gida, ba a yi wata biyu ba ya fara koya wa matarsa yadda ake wanke tukunya. Ita kuwa ta duƙufa roƙon Allah ya kawo masa abin yi. Addu'arta ta karɓu ran da wani maƙwabci ya zo yana kukan motarsa na yi masa wanka duk lokacin da aka yi ruwa, kuma kanikawa uku sun gwada sun kasa.

Tsohon ya leƙa gilashin saman motar, irin wanda ake zugewa a sha iska, sai ya fashe da dariya. Ashe mota ma da indararonta. Kanikawan nan sun ɗauka robar da ke zagaye da gilashin ita ce komai, alhali ba ta tare ruwa duka. Ɗan abin da ya wuce ta yana faɗawa wata 'yar kwata da ke ƙarƙashi, ya bi ƙananan ramuka huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, ya gangara ta siririn tiyo ya fita ƙasan mota. In rami ya toshe, kwata ta cika, sai ta yi ambaliya a kan mai tuƙi. Cikin rabin awa ya gama da motar maƙwabcin.

Daga nan ya kafa rumfa a ƙofar gida, kusa da ta mai faci, aka laƙaba masa Sarkin Yoyo. Kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba: tocila, tsumma, wayar birkin keke da ya naɗe wa baki don kada ta huda tiyo, sai buta. Ba ya yarda a feshe mota da tiyon wanki, yana cewa in ka jiƙa ko'ina lokaci ɗaya ba ka san ta inda ɓarawo ya shigo ba. Shi yana zama a ciki, matarsa ta hau benci a waje tana tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan, kusurwa bayan kusurwa. Ya gwada hannun mutane da yawa, nata ne kawai ba ya gaggawa.

Aikinsa babu makusa. Bakinsa ne dai ba shi da linzami. Ba ya buɗe mota ya ga aikin wani ya yi shiru, sai ya ɗaga murya ya ce, "Wane jahili ne ya yi wannan?" Masu motoci suna jin daɗin abin, mai faci kuwa har ajiye taya yake yi ya zo sauraro.

Bakin nan ne ya raba shi da mijin babbar 'yarsa. Surukin nasa kanikan inji ne, gwani, mai kunya. Shekara biyar da suka wuce, sabon aure, ya tsaya a rumfar don gaisuwa, tsohon ya hango yadda ya ɗaure tiyon lagireton motarsa ya ce a gaban mutane, "Da haƙori ka ɗaure wannan?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma tun daga ranar, yana zuwa gida ya durƙusa ya gaishe su, rumfar kuwa ko inuwarta bai ƙara takawa ba. Abin yana damun tsohon ƙwarai, don yana son mutumin, kuma a duk danginsa shi kaɗai ne za su yi hirar ƙarfe ya gane. Da ya yi wa 'yarsa ƙorafi, cewa ta yi, "Baba, bakinka ne. Ka riƙe shi, zai zo."

Wata safiya bayan an kwana biyu ana ruwa, sai ga surukin ya tsayar da wata farar mota a gaban rumfar. Daɗi ya kama tsohon har ya miƙe bai tuna da gwiwa ba. Ya yi wa kansa alkawari yau ko me ya gani zai haɗiye.

"Baba, motar wata likita ce da nake duba mata inji," in ji surukin. "An sa sabuwar roba a gilashin sama, amma ruwa sai abin da ya ƙaru."

Abin da bai faɗa ba shi ne, shi ya sa robar. Kuma da ya ga ramukan nan a kwata, ya ɗauka ta nan ruwa ke shiga, sai ya cike su da baƙin gam har ya goge saman da yatsa ya yi kyau. Ya gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya wa uwarta. A rumfar nan tsohon ne kawai da mai faci ba su sani ba.

Sarkin Yoyo ya buɗe ƙofa, warin danshi ya tarye shi. Ya danna kafet, ruwa ya fito tsakanin yatsunsa. Ya shafa silin ya ji tabon jiƙa a kusurwar gaba. Ya zauna a kujerar direba, ya zuge gilashin sama, ya bi robar da yatsa.

"Robar nan ta zauna da kyau," ya ce, sannan ya dubi matarsa. "Ke, hau benci, fara da hagu."

Ta tsiyaya. Ruwa ya kwanta a kwata ya ƙi tafiya. Ta koma dama, nan ma haka. Tsohon ya miƙa wuya ya haska tocila a kusurwa, ya ƙura ido, ya sa farce ya ɓanɓaro wani abu baƙi. Nan take alkawarin safe ya bi iska.

"Innalillahi! Mai faci, zo ka ga ikon Allah! An toshe ramukan da gam! Wane jahili..."

"Malam," in ji matarsa daga sama.

"Bari in faɗa! Wannan ai mutum ne ya ga hancinsa na yoyo ya cusa masa siminti. Wanda ya yi wannan, ko keken yara bai kamata a ba shi..."

Bai ƙarasa ba. Matar da hannunta bai taɓa gaggawa ba ta tuntsura butar gaba ɗaya ta cikin gilashin, ruwa ya sauka a tsakiyar kansa, ya bi wuyan riga ya gangara har kujera.

"Af, hannuna ya kuɓuce," ta ce, ko gezau ba ta yi ba.

Mai faci ya riƙe ciki don dariya. Tsohon ya ɗaga kai zai yi faɗa, sai ya ga irin kallon da take yi masa. Ya juya ga surukinsa, ya gan shi tsaye ya sunkuyar da kai, hannuwa a baya. Jikin tsohon ya yi sanyi, kuma ba don ruwan ba. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

"Baba, ni ne," in ji surukin a hankali. "Ni na toshe su."

Mai faci ya tuna yana da taya a wuta, ya sulale.

Tsohon ya daɗe yana share fuska da tsumma. Sannan ya ja jiki ya koma ɗaya kujerar, ya bugi ta direba da tafin hannu.

"Shigo. Kujerar a jiƙe take, amma ba ta fi ni ba. Robar nan kai ka sa?"

"Ni ne, Baba."

"To wallahi ban iya zaunar da roba haka ba. Ungo wayar nan. Ni idona ya fara gajiya."

Surukin ya shiga. Ya ɓanɓare gam ɗin da bakin sukudireba, rami bayan rami, tsohon yana haska masa. Ya zura wayar a hankali, tsohon yana ce masa kada ya tura da ƙarfi tiyon ya cire daga mazauninsa. Sau biyu wata magana ta zo wa tsohon har bakin leɓe, ya ɗaga ido ya ga an sake cika butar, ya haɗiye. Da aka tsiyaya ruwa sai suka ji shi yana zuba tsurut a ƙasa, bayan tayar gaba. Su biyun suka leƙa ta taga suna dariya kamar yara. Suka gama sauran kusurwoyin, suka ɗaga kafet suka bar ƙofofi a buɗe motar ta sha rana.

Da surukin zai tafi, ya tsaya yana juya makulli a hannu.

"Baba, akwai wata a garejina, ruwa na shiga but ɗinta. Gobe in kawo mu duba tare?"

"Kawo mana, wa ya hana ka," in ji tsohon yana kallon wani wuri.

Motar ta sha kwana. Ya ɗauki tsumman ya sake kai shi fuska. Matarsa ta lura ruwan kansa ya daɗe da bushewa, amma ta ɗauki bencinta ta shige gida abinta.