Karfasa Bakwai a Shogilas ɗin Armaya'u

Armaya'u mai tsire taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana gasa nama a bakin tashar Batsari, ni kuma ina tura kurar ruwa daga famfon unguwa zuwa gidajen mutane. Tun muna yara a ƙauyenmu na wajen Darini ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya rasa abin yi, sai ya kwance abin da ke ɗaure ya sake ɗaure shi.

Da can, kowace damina yakan rufe tukubarsa ya koma gona. Tun da daji ya lalace aka fara kwashe mutane a gonaki, bai sake shuka ko ƙwayar gero ba. Bara aka haɗa ayari da rakiyar 'yan sintiri, muka je kwaso abin da ya rage. Kowa ya dawo da kwanon rufi da ƙyaure. Shi ya dawo da bokitin fenti, a ciki 'yan karfasa bakwai, kowace ba ta wuce yatsa ba, waɗanda ya kamfato a tafkin bayan gonar babansa.

Yana da tsohon shogilas, wannan akwatin gilashi da masu tsire ke jera nama a ciki. Ya kai wa mai yanka gilashi ya liƙe gefunan da gam, ya bar sama a buɗe, ya ɗora shi kan bulo huɗu a ɗakin zaure. Ni na cika shi da jarka uku.

Kwana biyu ruwan na nan garau. A na uku ya yi fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Sai inuwar kifi kake gani tana wucewa.

Mai nama ba ya ganin datti ya ƙyale. Armaya'u ya kwashe kifin ya zuba a roba, ya zubar da ruwan kaf, ya dirje gilashin da soso da sabulu da ruwan zafi, daidai yadda yake yi wa teburinsa kowace safiya. Ya aiko a kira ni, na kawo jarka uku. Bayan kwana biyu ruwan ya sake yin fari. Ya sake wankewa, na sake turo kura. Da safe kifi ɗaya ya taso, ciki a sama.

Ga kuma ciyarwa. A gidansa baƙo ba ya fita bai ci ba, to balle kifin garinsu. Garin ƙuli, guntun hanta, ɓawon burodi, duk lokacin da ya gifta sai ya watsa. Ya fita tasha, ya hura wuta, ya bar nama a hannun maƙwabci ya dawo ya leƙa, ya koma, ya sake dawowa.

Da na biyu ya mutu, sai ya tuna da alif, wannan farin dutsen da mata ke kaɗawa a randa in ruwan rijiya ya gurɓace. Ya ɗauko na matarsa Zuwairatu, ya kaɗa a shogilas ba awo. Dattin ya kwanta kuwa, ruwa ya yi tas. Ya zo har famfo yana yi mini dariya.

"Bawana, zo ka ga aikin masu ilimi. Kai tura kura kawai ka iya."

Kafin la'asar biyu sun bi 'yan'uwansu. Saura uku.

Washegari Zuwairatu ta tare ni a ƙofar gida, ko sauke jarka ban yi ba.

"Yaya Gambo, ka yi wa ƙanenka magana. Ya sha mai a babur. Ya ce in waɗannan suka mutu, tafki zai koma ya ɗebo wasu."

"Shi da wa?"

"Shi da bokitinsa."

A wannan watan ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Na san shi kuma: in ya ce zai je, zai je. Na shiga na same shi tsugune, hanci a jikin gilashi.

"An ce za ka Darini."

"Asuba in fita, hantsi na dawo. Wa zai kula da mai bokiti?"

"Masu kula da mai babur."

"To in zauna in zuba ido su ƙare? Abin da ya rage mini na can ke nan, Gambo."

Magana ba ta taɓa tsayar da Armaya'u ba, ni ma ba gwaninta ba ne. Na ajiye kura ranar, na hau mota zuwa Safana wurin Malam Kamilu, wani dattijo mai kiwon tarwaɗa a kwamin siminti a bayan gidansa. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da mutanen Batsari ɗaya bayan ɗaya, ni ina ta Allah-Allah ya gama. Da na kwashe labari na faɗa masa, ya riƙe haɓa.

"Sabulu? Da alif? Yaro, wannan ba kiwo yake ba, wanki yake. Tafkin da ya ɗebo su, wa ke wanke shi?"

Ya ce wannan santsin da ke kama jikin gilashi shi ke cinye dattin kifi, kuma sai an bar shi ya kafu. Duk wankewa, aiki ya koma farko. Ya ce a rage abinci ya zama ɗan tsunkule sau ɗaya a rana, a ɗebe bokiti ɗaya kawai bayan kwana uku a mayar da ruwan da ya kwana, a zubo shi daga sama don iska ta shiga. Ya ba ni tsakuwa cike da leda daga gindin kwaminsa, ya ce kada a wanke ta.

"Sauran magani fa, Malam?"

"Ku ɗaure masa hannu."

Hannu ba ya ɗauruwa, amma ƙofa na rufuwa. Na sayi kwaɗo a hanya. Armaya'u na tasha na shiga, na canza rabin ruwan saboda alif, na zuba tsakuwar, na bar taga a buɗe, na datse ɗakin zaure na jefa makulli a aljihu. Zuwairatu na tsaye tana kallo.

Ya iske ni a layin famfo, wuƙar yanka nama a hannu don ya manta bai ajiye ba. Mata suka dare.

"Kai, bawan banza! Gidana ko naka?"

"Naka. Makulli nawa."

"Yunwa za ta kashe su!"

"Cin hanta ya kashe huɗu. Bari mu ga abin da yunwa za ta yi. Kwana goma. In sun mutu, ni zan rako ka tafkin."

Ban yi niyyar faɗin haka ba, amma ya fita, kuma a gaban mutane.

Kwanakin nan ba wanda ya huta. Kullum da safe in buɗe, in watsa tsunkule, shi yana bayana yana cewa in ƙara. In rufe. Ya dinga zagaya ɗakin yana leƙe ta taga. Ya kwance injin babur ya mayar. Ya ƙona tsire har sau biyu, masu saye suka yi ta tsiya. A kwana na huɗu ruwan ya ƙara yin fari, ƙaramar cikinsu ta mutu. Ya tsaya da ita a tafin hannu, ya dube ni.

"Saura biyu. Ka shirya takalminka."

Ranar ban ci abincin kirki ba. Na yi ta tura kura ina tunanin hanyar nan da duhuwar da ke gefenta. Zuwairatu ta daina gaishe ni da fara'a. Duk da haka ban ba da makulli ba.

A kwana na bakwai na fara hango tsakuwar ƙasa. A na tara, da na buɗe ƙofa, sai ga bangon ɗaki ta cikin gilashi, ruwan ya ɗan yi ruwan ganye amma garau, kifi biyu na kai da kawowa, ɗaya na korar ɗaya. Armaya'u ya tsuguna. Ya miƙa yatsa zai goge koren da ya fara kama gilashin, na buge hannun.

Ya daɗe yana kallo, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Can ya ce, "Sun yi girma. Nan ya yi musu kaɗan."

Bai je Darini ba. Ranar kasuwa ya yi ta jigilar siminti da yashi a babur, ya fasa dandamalin tsakar gida, Zuwairatu na faɗa yana aunawa da igiya. Kwami yake ginawa irin na Malam Kamilu, kuma ya riga ya rushe gefe ɗaya sau biyu wai ya karkace. Ya ce jarka arba'in zai ci. Ni zan turo su.