Lubabatu da Kangon Maya

Duk wanda ya zauna a unguwar Sa'alaba ta Jidda ya san Lubabatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar dattijuwar nan mai abayar da ta koɗe, wadda ke bin gefen bango da sassafe, ba ta tsayawa hira, kuma ba a taɓa ganin ta ɗauki ɗan wani Bahaushe ba. Ranar suna mata sun sha miƙa mata jariri, sai ta noƙe hannu ta ce mura take yi. Suka ce girman kai ne, wai don tana aiki gidan Larabawa masu hali. Mutane ke nan! Ba su san komai ba, amma bakinsu ba ya hutawa.

Fatu kaɗai, wadda suke ɗaki ɗaya, ta san dalili. A ƙauyensu can gabas da Gumel, an kira mahaifiyar Lubabatu mayya. Yaron maƙwabta ne ya yi zazzaɓi, cikin sambatu ya ambaci sunanta, shi ke nan. Aka shimfiɗe shi a ƙofar gida, aka ce ta tsallake shi, don a wurinsu in mayya ta tsallake wanda ta kama, to ta saki kurwarsa. Tsohuwa ta ƙi. Ta ce tsallakewa amsa laifi ne, ita kuwa ba ta ci ɗan kowa ba, ko yanka ta za a yi. Yaron ya mutu, sunan ya zauna. Tunda kuma an ce a nono ake shan maita, sai ya bi Lubabatu ita ma. Yara su hango ta su watse suna ihun "kurwata kur!" Ta yi aure ba ta haihu ba, aka ce a ciki take cinye 'ya'yan. Da mijin ya sake ta, uwar kuma ta rasu, sai ta biyo ayarin umra, ba ta sake waiwayar gida ba.

A Jidda ba ta da iƙama, wato takardar zama, ba ta da kafili mai tsaya mata, ko ƙarar motar 'yan sanda ta ji sai gabanta ya faɗi. Amma a nan ne, a wani gida a unguwar Sharafiyya, wata Balarabiya ta ɗauki jaririyarta ta ɗora mata a hannu, ta juya ta shige wanka abinta, ko waige babu. Lubabatu ta tsaya riƙe da yarinyar tana hawaye, har matar gidan ta fito ta zaci ciwo ne ya kama ta. Wannan jaririya ita ce Raghad. Lubabatu ta goya ta da zani Larabawa na dariya, ta yi mata tawai, ta yi jinyar haƙoranta. Raghad ta tashi tana kiran ta Dada, tana jin Hausa sarai, sai dai ta mayar da Larabci. Da ta yi aure ta tafi da Dadarta gidan miji, inda surukarta Tahani, wadda suke kira Amma, wato gwaggo da Larabci, ke zaune a hawan ƙasa, su kuma a sama. Da Raghad ta haifi Areej, zanin goyon nan dai aka sake kakkaɓowa.

Areej na tatata, tana cika gida da gwaranci, wata ranar Raghad ta faɗo kicin da waya a hannu, bakinta har kunne.

"Dada, zo ki ga inda za mu hutu! Meksiko, can bayan duniya."

Lubabatu ta goge hannu ta leƙa. Teku ne kore shar, ba irin na Jidda ba, da farin yashi kamar garin rogo, da itatuwan kwakwa sun sunkuya. A kan dutse kuma, daidai saman ruwan, ga wani tsohon gini na duwatsu mai matakala, ba rufi ba ƙofa, damo na shan rana a kai.

"Wannan kangon fa, na su wane ne?"

"Na Maya ne. Mutanen da ne, sun gina garuruwa a daji, suka watse suka bar su."

Ludayin da ke hannun Lubabatu ya faɗi. "Na wa kika ce?"

"Maya, ya Dada, ba moya ba," in ji Raghad tana dariya, ta zaci ruwa tsohuwar ta ji, don haka ake kiran ruwa a Jidda. Mijinta da ke wucewa ya tsoma baki, ya ce ai ya ji har mutane suke yankawa a saman matakalar. Da wasa ya faɗa, amma ina! Magana ta riga ta zauna. Gari guda na mayu, har da kangonsu, kuma can za a kai Areej da ɗanyar kurwarta.

Ta roƙi Raghad ta bar mata yarinyar. Raghad ta ce haba Dada. Ta sake roƙo washegari, ta bayyana mata abin da kalmar ke nufi da Hausa, Raghad ta yi dariya har da riƙe ciki. A nan ne Lubabatu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta taka ƙasar. Don dai a yarda ta san abin da take faɗa, ta buɗe baki ta ba ta labarin mahaifiyarta kaf, har da yaron da aka shimfiɗe. Raghad ta rungume ta, ta ce Allah sarki, jahilci ne kawai. Ba muguwa ba ce, wallahi, sai dai cikinta ba ya riƙe magana. A wurin cin abinci ta ce, "Kun san me Maya ke nufi a yaren Dada?" ta zazzage labarin duka. Mijin ya yi dariya. Amma Tahani kuwa ta ajiye cokali, ta bi Lubabatu da kallo har ta shige kicin.

Bin su tafiyar ba ya cikin lissafi, wanda ba shi da takarda ko hanyar filin jirgi ba ya bi. Sai ta nemi wani malami ɗan ƙasarsu, ya rubuta mata ayoyin tsari, ya naɗe cikin fata. Fatu ta ga layar ta dafe ƙirji.

"Ke Luba, kina hauka ne? Nan ƙasar ba su san laya ba, sihiri suke ce mata. Ki tofa mata addu'a mana, ya isa."

"Tofi ba ya haye teku," in ji Lubabatu. Ta farke bakin wata 'yar hular rana mai ruwan ɗorawa da aka saya wa Areej, ta cusa layar, ta ɗinke tsaf.

Suka tafi. Gidan ya yi mata faɗi. Ta share inda ba datti, ta ninke kayan Areej ta warware ta sake ninkewa. Hotuna suna shigowa wayarta: ga Areej tana tona yashi, ga ta a wuyan babanta a gindin kangon, ga ta da ruwan kwakwa ya jiƙa mata riga. Lubabatu ba teku take kallo ba, hular take nema. In ta gan ta a kan yarinyar sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi. Sannan hotuna suka tsaya cak. Ta kira ba a ɗauka ba, ta aika murya ba amsa. Abinci ya ƙi shiga, ta rame a tsaye.

Abin da ya faru shi ne, zazzaɓi ya kama Areej a can. Likita ya ce na cizon sauro ne, irin wanda ke yawo a wuraren, suka katse hutu suka dawo. Sai dai kafin nan ruwan gishiri ya riga ya cinye zaren hular, layar ta faɗo a hannun uban.

Ranar da suka sauka, Lubabatu ta iso da rana tsaka, ta hau matakala tana haki. A bakin ƙofa ta tarar da akwatunansu ba a ko buɗe ba, da takalman roba na Areej, farin yashin can maƙale a jikinsu. Daga ciki tana jin kukan yarinyar, siriri, irin na wanda ƙarfinsa ya ƙare. Amma Tahani ce ta buɗe, ta tare ƙofar da jikinta, layar na tsakanin yatsunta cikin tsumma kamar ta ɗauko mushen ɓera.

"Mene ne wannan?"

"Ayoyin Allah ne, Amma. Tsari ne. A buɗe a gani."

"Tsari? Da bakinki kika faɗa, uwarki ma haka take. Yarinya ta tafi lafiya ƙalau, ga yadda ta dawo. Don darajar shekarun da kika yi ne ba zan kira hukuma ba. Halas, magana ta ƙare. Yalla, tafi."

Lubabatu ta leƙa ta bayan kafaɗarta. Raghad na tsaye a falo da ido jajir, ta buɗe baki ta ce "Dada," sai kuma ta sunkuyar da kai. Ba ta yarda da zargin ba, wannan a fili yake, amma 'yarta na kwance, kuma tsoro ya fi ƙarfinta.

Baƙin cikin da ya kama Lubabatu ba na kora ba ne. Wani tunani ne ya taso mata, wanda ta yi shekara da shekaru tana dannewa: to in gaskiya ne fa? In ta sha a nono ba ta sani ba? Ita ce ta fi kowa kallon yarinyar nan, ita ce ke shinshina wuyanta, ita ce ke cewa kamar ta haɗiye ta don so. Mahaifiyarta ta zaɓi mutuwa da sunan a kan ta ɗaga ƙafa. Ita kuwa ta ji ba ta da wannan taurin, ba a kan Areej ba.

"Raghad, 'yata," ta ce da Hausa, "ki shimfiɗe ta a ƙasa in tsallake ta. In ma ni ce, na saki. Ki bari in tsallake ta kawai, sai in tafi."

Duk garinsu an taru an nemi wannan magana daga bakin uwarta ba a samu ba, yau ga ta a banza a kan matakalar wani gida a Jidda, kuma ba mai karɓa. Amma Tahani ta tambayi me take cewa, Raghad ta fashe da kuka, aka rufe ƙofa.

Lubabatu ta jima a tsaye tana sauraron kukan Areej ta cikin katako. Sannan ta duƙa ta jera takalman Areej a tsakiyar hanya, ta daidaita su kamar mai su na kwance a wurin. Ta tattare abayarta, ta yi bisimilla, ta tsallake su, ta dawo, ta sake tsallakewa.

An ce Areej ta warke bayan an yi mata ƙarin ruwa a asibiti. Fatu ce ta jiyo ta kawo labari da murna, ta zaci za ta ga fara'a. Lubabatu ta yi hamdala, sannan ta tambaya a hankali, wace rana ce zazzaɓin ya sauka. Fatu ta ce ai an ce tun daren ranar da aka kore ta jikin ya fara sanyi.

Lubabatu ta tuna takalman da ta tsallake, ta gyaɗa kai, ta juya fuskarta bango. Tun daga ranar, in yara na wasa a lungu, ita ce ke canza hanya.