Man da Bai Kai Mu Nsimalen Ba

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta ranar da muka fita rakiyar kakata zuwa aikin Hajji a ƙatuwar motar Babanmu ba. Yau ni ma na tara iyali, har da masu tuƙi a cikin 'ya'yana, amma da zarar warin fetur ya haɗu da zafin rana ya bugi hancina, sai in ga kaina tsaye a bakin titin nan, mayafi yana zamewa.

Sai na fara da motar kafin a gane labarin. Baba ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa yake sayarwa a nan Briqueterie, unguwar da aka haife mu a Yaoundé. Da kasuwa ta yi masa kyau, sai ya sayo wata tsohuwar jibgegiyar mota mai hawa tudu da shiga laka, irin wadda muke ce wa katkat. Da ƙyar take shiga lungunmu. In za ta juya, sai masu tsire sun ja teburansu, teloli sun leƙo suna ba da umarni. Aibinta ɗaya: allurar da ke nuna yawan mai ta mutu tun a hannun mai ita na farko. Ko an cika tanki, ko babu ɗigo, tana kwance a ƙasa abinta. In aka ce ya gyara, sai Baba ya shafa ƙeyar motar ya ce, "Ni na san cikinta. In na shayar da ita ran Juma'a, sai wata Juma'ar." Kuma bai yi ƙarya ba, domin shi kaɗai take ɗauka, daga gida zuwa shago, daga shago zuwa masallaci, wani lokaci ya leƙa kasuwar Mokolo.

Kaka, wato mahaifiyar Baba, ba ta taɓa son motar ba. Acici take ce mata. Ni kuwa tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakinta ban sake fitowa ba. Gado ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, kullum cikin faɗa muke kamar sa'anni. Ta ce na cika barci, in ce ta cika mita. Ita ta koya mini ɗaurin ɗankwali, ita ke ɓoye mini ƙanzon tuwo. Lokacin da kujerar Makka ta samu ina budurwa, na fi kowa murna, kuma na fi kowa tsoro.

Ranar tafiya Talata ce. Tsarin shi ne maniyyata su taru a masallaci da safe, babbar bas ta kwashe su gaba ɗaya zuwa filin jirgi na Nsimalen, masu rakiya kuma su bi baya, a yi sallama a can kafin su shiga ciki. Na riƙe mata jaka har ƙofar bas. Da ta ga idona ya kawo ruwa, sai ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, kar ki jiƙa mini sabon zane. Ajiye kukanki sai filin jirgi. Akwai ma maganar da zan faɗa miki a can, nan kunnuwa sun yi yawa."

Na yi dariya na share ido. Ta juya ga Baba ta ce, "Kai kuma kar Acici ta makarar da kai."

"Haba Inna, ai sai mun riga ku isa."

Iyakar sallamar da muka yi ke nan, domin duk mun ɗauka ta gaske tana gaba.

Wanda ya san unguwarmu ya san rakiyar alhazai ba a gayyata. Mutum wanka kawai zai yi, ya sa kayan Juma'a, ya zo ya tsaya kusa da mota yana gaishe ka. Kowa na son ladan rakiya, kowa na da addu'ar da zai ba da saƙo a kunne. Baba kuwa Allah bai koya wa bakinsa cewa a'a ba. "A shiga, a shiga, akwai wuri," shi ne kawai abin da yake faɗa. Aka cika gaba, aka cika tsakiya, aka cika baya inda ake sa kaya, aka ɗora yara a cinya. Kayan kuma suka koma saman mota: tabarmi, kulolin abinci, jarkokin ruwa, har da buhun wata maƙwabciya da za a sauke wa 'yarta a hanya. Tun muna shiri injin ke kunne, wai motar tana ɗumi. Daga nan muka shiga Ekoudou ɗaukar Goggo, muka karkata Nkomkana saboda wata tsohuwar aminiyar Kaka da ta rantse ko a kan taya sai ta je. Na leƙa ta taga na ga tayoyin baya sun baje kamar an zauna kan fanke.

Da muka zo wucewa ta gaban gidan mai, Mama ta ce a hankali, "Alhaji, ba za a ƙara mata esans ba?"

Baba ya dubi layin motocin da ke jiran famfo, ya dubi agogo. "Yau fa Talata. Sai Juma'a za ta nema."

Sai da na girma na fara tuƙi da kaina na gane abin da ke faruwa a ƙarƙashinmu ranar. Babbar mota ko ita kaɗai ce, ɗaukar jikinta ma aiki ne. To ga rabin unguwa a ciki. Kayan da aka tula a sama suna tare iska, taya mai ƙarancin iska tana jan ƙasa, sannan tsofaffi suka ce zafi, Baba ya rufe gilasai ya kunna klim, wato na'urar sanyi, har ƙarshe. Garinmu kuwa ba ka sauka tudu sai ka hau wani, motar tana kuka a ƙaramar giya, ƙafar Baba a nutse kan totur. A Mvog-Mbi muka faɗa cunkoso. Mu matsa kaɗan, mu taka birki, mu tsaya, injin na ta aiki ba a zuwa ko'ina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana shan rabonsa na mai. Lissafin Baba na mutum ɗaya ne a motar da ba kaya, ranar kuwa wata mota ce daban yake tuƙawa bai sani ba.

Amma a lokacin wa ya damu? Daɗi muke ji. Goggo na raba goro, tsofaffi na jero yabon Annabi, yara na ƙirga motocin rakiya. Ni ina manne da taga ina ta saƙe-saƙe a kan maganar Kaka. Ko 'yan kunnenta na zinari za ta ce in riƙe? Ko ta gano wanda ke tsayawa da ni a ƙofar gida ne? Har na shirya amsar da zan ba ta don ta ji haushi.

Mun wuce Odza, gidaje sun fara ja baya, hanya ta buɗe, kowa ya ce alhamdu lillahi. A kan wani ɗan tudu motar ta yi tari. Ta sake yi. Sanyin klim ya ɗauke, yabon ya tsaya a tsakiyar baiti. Baba ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, sannan ya dafa sitiyari da hannu biyu.

"Ba ta taɓa yi mini haka ba," ya ce. Muryarsa kamar ta yaro.

Maza suka tura ta gefen titi. Baffa, ƙanin Baba, ya zubar da ruwan jarka ɗaya ya hau babur ya koma baya neman gidan mai. Muka yi ta ɗaga wa taksi hannu, amma duk wadda ta zo a cike take da masu rakiya irinmu. Waya ba ta kai hannun kowa ba a lokacin, Kaka kuwa ko an ba ta ba za ta riƙe ba. Baba ya dubi tsofaffin da ya ɗebo suna zaune a rana bakin kwalta. Ba zai iya tafiya ya bar su ba, na gani a fuskarsa. Sai ya tare wani mai babur ya kama hannuna.

"Je ki, uwata. Ko ke ki same ta. Ki ce mata ina hanya."

Ban taɓa hawa babur da irin wannan gudu ba. Ina isa na tarar masu rakiya sun fara juyowa, wasu na share hawaye. Na kutsa har ƙofa, wani jandarma ya tare ni da hannu. "C'est fini, ma fille," ya ce, an riga an shige. Na roƙe shi da Faransanci, na roƙe shi da Hausa, har Fillancin da ban iya ba na jawo. Ya nuna mini gilashi.

Na manna fuska. Ga su can a layi, amma duk maniyyatan atamfa iri ɗaya suka sa, mayafi iri ɗaya, kuma baya suka ba ni. Matar da zan gane ta da tarinta a cikin duhu, ranar na kasa fitar da ita. Sai na riƙa ɗaga wa duk wata gajeriyar tsohuwa hannu. Ɗaya ta waigo ta ɗaga nata. Har yau ban san ko ita ce ba, amma na riƙe cewa ita ce.

Lokacin da Baba ya iso, rigarsa duk warin fetur, babu sauran kowa a bayan gilashin. Ya matso kusa da ni. Muka tsaya tare har jirgin ya tashi.

Kaka ta sauke farali lafiya. A Madina zazzaɓi ya kama ta, can aka binne ta. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa ta dace, kuma na san ta dace, amma ni ɗakinmu ya yi mini faɗi. Da alhazai suka dawo, wata Hajiya da suka zauna kujera ɗaya ta zo gaisuwa. Ta ce ranar tafiya a filin jirgi Kaka ta ƙi shiga ciki sai da aka ja ta, tana ta leƙen hanya. Wai da aka ce ƙila mun fasa zuwa, sai ta yi dariya ta ce, "Ba su fasa ba. Ɗana ya cika Acici da mutane ne, ta shanye mansa." Baba ya tashi ya fita daga ɗakin. Ni kuma na matsa kusa na tambaya ko ta ba da wani saƙo gare ni.

"Ta ce tana da magana da ke. Na ce ta faɗa mini in kawo miki," in ji Hajiyar. "Ta ce a'a, wannan sai baki da baki, in ta dawo."

Bayan sadakar bakwai Baba ya kai motar gareji a Messa. Gyaran allurar bai ci tsakanin azahar da la'asar ba. Bai daina ɗaukar mutane ba har ya bar duniya, halinsa ne, sai dai duk wanda ya shiga ya san a gidan man farko za a tsaya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne mutum ya auna tafiya da nauyin da ya ɗauka yau, kar ya auna da na jiya. Shi ya sa 'ya'yana ke mini dariya, wai allura na taɓa rabi na fara neman gidan mai. Suna kuma ƙorafin ina tsare su a bakin ƙofa ko Mokolo za su je, in rungume su, in faɗi duk abin da ke bakina. Su yi ta dariyarsu. Ni na taɓa ajiye kukana sai filin jirgi, kuma har yanzu ina jiran in ji abin da tsohuwar nan za ta ce mini.