Ranar da Na Goge Fuskar Mahaifiyata

Shekarun baya, ina sabon malamin firamare a Malumfashi, wani hoto ya tsayar da ni a bakin titi. A jikin gilashin wani ƙaramin shago aka liƙa shi. Wani tsohon manomin auduga ne, hularsa ta karkace, ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, yana kallona kamar zai tambaye ni ɗan gidan waye. Na jingine kekena na daɗe a tsaye. Sai na ji an ce daga ciki, "Ko ka shigo ko ka matsa, ka tare mini haske."

Muryar na fara ganewa. Malamin da ya koya mana zane ne a makarantar horon malamai, ya yi ritaya ya buɗe shagon hoto. Makon jiya aka yi sadakar bakwai ɗinsa, shi ya sa na ce bari in ba ku wannan labari da na daɗe ina ɓoyewa.

Daga ranar na mayar da shagon wurin zuwana duk Asabar, ina koyon aikin. Daga Bakori, daga Funtua, mutane kan wuce masu hoto da yawa su zo wurinsa. Yana da babbar kyamara mai ƙafa uku da baƙin mayafin da yake lulluɓe kansa da shi, amma ba ya saurin zuwa wurinta. Sai ya zaunar da mutum, ya ba shi ruwa, ya tambaye shi damina da iyali, har mutum ya manta abin da ya kawo shi. A nan yake ɗauka. Yana kuma da wani fensir mai tsini kamar allura da yake taɓa dodon hoto da shi, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Ƙurji yake cirewa, ko ƙudan da ya sauka a goshi.

"Abin da zai tafi da kansa nan da mako guda, shi kaɗai za ka cire," in ji shi. "Abin da mutum zai shiga kabari da shi ba naka ba ne."

Na ce to. Amma a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayyar da nake saye a kasuwa. A cikinsu duk macen kirki fara ce sol, mai dogon hanci da dara-daran idanu, fatarta kamar ba ta taɓa ganin rana ba. Matata kan ce da littafi aka ɗaura mini aure, ita rakiya ta yo. Ni kuwa ina ganin Malam gwani ne, sai dai ba shi da tausayi: Allah ya ba shi fensirin da zai mayar da kowa kyakkyawa, yana rowa.

Ni ɗan fari ne a wurin mahaifiyata, kuma ni kaɗai na rayu. Waɗanda suka tashi a ƙauyukanmu na wajen Kafur sun san abin da hakan yake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "wannan" take ce mini. A ɗakin kakata na girma. In na je gaida mahaifiyata, a bakin ƙofa nake durƙusawa kaina a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Na san ƙafafunta da fasonsu, na san hannun da ke turo mini ƙwaryar fura. Fuskarta kuwa sai dai a sace, ta gefen ido. Ban taɓa jin cewa na rasa wani abu ba. Haka kowa yake.

Wata damina tari ya matsa mata, aka kawo ta asibiti, ta yi kwana huɗu a gidana. Tunda ba zan iya roƙonta da bakina ta je a ɗauke ta hoto ba, sai na tura matata.

"Inna, ko don jikokinki," na ji tana cewa.

"Hoto? Ban yi ina budurwa ba, sai yanzu da na zama busasshiyar kuɓewa?"

Da ƙyar ta yarda, da sharaɗin kada "wannan" ya shiga shagon. Don haka a waje na tsaya tare da kekena. Ina jin Malam yana tambayarta yadda take haɗa daddawa, tana ce masa maza ba za su gane ba. Can sai na ji ta yi dariya, dariya sosai har da tari. Ban san tana da irin wannan dariyar ba.

Washegari Malam ya wanke fim ɗin ya shanya, ya ba ni makulli ya tafi Funtua sayen takardar hoto. Bayan azahar na ɗora dodon a kan gilashi mai fitila a ƙasa, na sunkuya. Wannan shi ne karo na farko da na kalli mahaifiyata ido cikin ido, kuma a juye na gan ta, baƙi ya koma fari. Na ga tsage a gefen bakinta. Na ga tamoji a goshi da ƙarƙashin ido. Na ga wani tabo ya raba mata gira. Tausayi ya kama ni, kuma in faɗi gaskiya, har da kunya. Na ce matar da ta sha rana haka ta cancanci, ko sau ɗaya, ta fito kamar Hajiyar cikin littafi.

Na ɗauki fensir. Da na ga bai cike layukan ba, na jawo jar tawadar da Malam ke toshe ɗigon ƙura da ita a jikin fim. Inda tawadar ta yi yawa, na kankare da reza. Har la'asar ina kai, ina jin kaina kamar jarumin da ya ceto wata daga wahala. Na wanke hoton. Wata mace ce ta fito, sumul, mai kumatu kamar ƙwai, sanye da mayafin mahaifiyata.

Da Malam ya dawo na miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo.

"Wace ce wannan?"

"Inna ce, Malam."

"Wadda na yi hira da ita jiya ba ta zo nan ba. Da me ka yi?"

"Fensir."

"Sai me?"

"Da tawada. Da reza kaɗan."

Ya zauna a kan kujerar da ake zaunar da waɗanda suka zo hoto. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Fensir yana goguwa." Sannan ya ce, "Je ka roƙe ta ta dawo. Yau."

Amma ni har lokacin ina ganin tsufa ne ke damun Malam. Na ce bari Inna ta gani da idonta tukuna. Na ba matata ta kai mata, na laɓe a bayan ƙofa ina jiran albarka.

"Masha Allah," in ji mahaifiyata. "Matar wani babba ce?"

"Ke ce, Inna."

Ta tsagar ƙofa na ga ta ɗaga hannu ta shafa gefen bakinta a hankali.

"To," ta ce. "Haka ya so in kasance ke nan." Ta kife hoton a kan tabarma ta tura wa matata. "Ki ce masa na gode."

Matata ta roƙe ta a koma a sake. Ta ce ta bar gona da awaki a hannun mutane, sai dai in an yanke dawa. Da safe na raka ta tasha ina bayanta, kaina a ƙasa kamar kullum. Dawa ba ta gama nuna ba aka aiko mini cewa ta rasu.

Bayan arba'in na koma shagon da hoton a cikin littafi. Na ce, "Malam, a mayar mini da ita."

Ya ɗaga dodon a haske ya girgiza kai. Ya ce a nan babu abin da ya rage, sai dai a gwada zanawa a jikin takardar. Ya fito da wani siririn buroshi da baƙar tawada, ya ce, "Tsage nawa ne a dama?"

Ban sani ba. Ni da na yi wuni ina toshe su ɗaya bayan ɗaya, ban ƙirga ba. Na tafi ƙauye na tambayi dangi. Wannan ya ce uku-uku ne, waccan ta ce huɗu-huɗu, wani tsoho ya ce, "Irin namu ne mana," ya juya mini kumatunsa da suka riga suka shafe. Na dawo na gaya wa Malam.

"Uku a dama, huɗu a hagu," ya ce, yana jiƙa buroshi. "Na huɗun gajere ne. An gaya mata ta motsa a hannun wanzami."

Asabar uku muka yi. Yana zane yana magana, kamar da kansa yake. Tamojin goshinta biyu ne masu zurfi, na ƙasa ya fi tsawo. In za ta yi dariya, idon hagu ke fara rufewa. Da ya zo kan gira ya tsaya.

"Ka san wannan tabon?"

Na ce a'a.

"Na tambaye ta. Ta ce shekarar da ƙyanda ta kama ɗanta na fari, ta ga yana sanƙarewa a hannun kakarsa. Ta ajiye kunya, ta fizge shi ta goya, ta ratsa gona da gudu zuwa gidan mai magani. Karan dawa ne ya yanke ta. Ta ce wata guda ana yi mata tsiya a gari, wai ta nuna son ɗan fari." Ya ja ɗan siririn layi. "Shi ka fi kankarewa da reza."

Na fita na tsaya a bayan shago. Bai biyo ni ba, bai kuma kira ni ba har na dawo da kaina.

Da ya gama ya riƙe hoton nesa da ido. "Ba ita ba ce," ya ce. "Amma ya fi wancan kusa."

Na ci gaba da zuwa shagon shekaru da dama, har na iya aikin daidai gwargwado, amma ban sake ɗaukar fensirin ba. Littattafan ma ban daina karantawa ba, kada in yi muku ƙarya. Sai dai duk inda marubuci ya ce fuskarta babu tabo ko ɗaya, nakan rufe littafin in ajiye. Mutane kan ce mini in yafe wa kaina, ai da kyakkyawar niyya na yi. Na sani. Ita ma ta san niyyar, shi ya sa ta ce a ce ta gode. Wannan godiyar ce har yau ba ta bar ni ba.

Malam kuwa, a ƙarshen rayuwarsa idanunsa suka tafi. Aka rufe shagon, wani ya karɓa yana cajin waya a ciki. Ya koma zaman zaure a kan buzu, almajiransa na hoto da na zane suna zuwa gaishe shi, yana gane kowa da murya. Ziyarata ta ƙarshe ya tambaye ni hoton. Na ce masa ya koɗe, fuskar ta kusa ɓacewa, tawadarsa ce kawai ta rage a kan takarda.

"Kai ka wanke shi ai," ya ce. "Ba ka taɓa haƙurin barin hoto ya jiƙu a magani ba."

Muka yi dariya. Sai na ce, "Malam, a sake gaya mini yadda take."

Ya jingina da bango ya fara. Yadda ta zauna a bakin kujera kamar za a ce ta tashi. Kafaɗarta ta dama da ta fi ta hagu sauka. Yadda ta leƙa ƙofa sau biyu, wajen da nake tsaye, ta yi sauri ta ɗauke kai don kada ya gani. Wannan bai taɓa gaya mini ba sai ranar. Shekara talatin da wani abu, mutumin da ya zauna da ita ƙasa da awa guda, kuma ba ya gani.

Wata biyu bayan nan aka kira ni da hantsi. Mun kai shi, jama'a har titi. Kowa yana cewa garin ya yi rashin mai hoto, ya yi rashin malami, kuma gaskiya ne. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mahaifiyata. Ni dai na tsaya har aka watse, don na san yanzu babu sauran wanda zan je wurinsa in ce ya gaya mini yadda take.